FASHIN BAƘI: Yadda iskar haidurojin ke fashewa, da iyakoki uku da masana suka gano

A shekarar 1987, masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Bourakébougou da ke arewa maso yammacin Bamako a ƙasar Mali sun nitsa ƙasa fiye da mita 100 ba su cim ma ruwa ba. Abin da ya riƙa busowa daga ramin wata iska ce marar launi, marar wari. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya leƙa bakin ramin da taba sigari a bakinsa, nan take iskar ta kama da wuta ta ƙona shi, amma ya tsira da ransa. Sai da aka yi makonni kafin a kashe wutar, daga nan aka toshe rijiyar, ta zauna a rufe sama da shekara 20. Da aka sake buɗe ta aka auna iskar, an tarar kusan kashi 98 cikin 100 haidurojin ce. Daga 2012 aka fara ƙona ta a janareta ana ba ƙauyen wutar lantarki.

A yau gwamnatoci da kamfanoni na rige-rigen zuba kuɗi a harkar wannan iska. A 2023 gwamnatin Namibiya ta rattaba hannu da kamfanin Hyphen kan aikin samar da haidurojin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 10. Sai dai yawancin jawaban da ake yi kan cinikin ba sa taɓo tambayar da ta fi shafar ma'aikaci da maƙwabcin masana'anta: a wane hali wannan iska ke zama lafiya, a wane hali kuma take tashi? Amsar tana cikin wani reshe na kimiyyar sinadarai da ke nazarin saurin haɗuwar sinadarai da matakan da haɗuwar ke bi.

Wace iska ce haidurojin?

Babu sinadarin da ya kai haidurojin rashin nauyi. Iskar da ake shaƙa ta ninka ta nauyi kusan sau 14, shi ya sa da zarar ta tsiyaye take yin sama, ta taru a ƙarƙashin rufi. Idan ta ƙone a cikin oksijin, ruwa take haifarwa, ba ta fitar da hayaƙin kabon mai ɗumama duniya. Wannan ne dalilin farin jininta.

Ba baƙuwa ba ce a masana'antu. A 2022 duniya ta yi amfani da kimanin tan miliyan 95, akasari a matatun mai da kamfanonin takin zamani, kuma kusan dukkanta daga iskar gas da kwal ake tatso ta. Takin yuriya da kamfanin Dangote ke yi a Lekki da wanda Indorama ke yi a Eleme daga amoniya suke fitowa, ita kuma amoniya da haidurojin ake haɗa ta. Ko a gida, batir mai ruwa da ake amfani da shi a inbata da sola yana fitar da haidurojin yayin caji, musamman idan cajin ya wuce kima.

Alƙaluma uku ne suka bambanta ta da sauran makamashi. Na farko, tana iya kama wuta idan yawanta a cikin iska ya kama daga kashi 4 zuwa kashi 75 cikin 100, alhali iskar gas ta metan daga kashi 5 zuwa 15 kawai take kamawa, tururin fetur kuma daga kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6. Na biyu, ƙarfin tartsatsin da zai kunna ta bai wuce milijul 0.02 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na abin da metan ke buƙata. Ɗan tartsatsin da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu ya ishe ta har ya yi saura. Na uku, harshen wutarta da ƙyar ake ganinsa da rana.

Iyaka iri biyu

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Alƙaluman kashi 4 da kashi 75 iyakokin yawa ne: suna nuna ko wuta za ta iya yaɗuwa a cikin gaurayen iskar idan wani abu ya kunna ta. Iyakokin fashewa kuwa wata tambaya suke amsawa: idan aka zuba haidurojin da oksijin a cikin rufaffen mazubi mai zafi, babu ashana babu tartsatsi, a wane zafi da wane matsi gaurayen zai tashi da kansa?

A zafin ɗaki, gaurayen zai iya shekara da shekaru babu abin da ya faru. Idan zafi ya haura kusan digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, zai fashe kusan a kowane matsi. Abin mamakin yana tsakanin digiri 400 da 600.

Misalin da littattafan koyarwa suka fi kawowa shi ne na gaurayen kashi biyu na haidurojin da kashi ɗaya na oksijin a cikin ƙaramar kwalba mai siffar ƙwallo, a digiri 500. Ana auna matsin da milimita na zaiba, ma'aunin da asibiti ke auna hawan jini da shi, kuma matsin iskar duniya a gaɓar teku milimita 760 ne. Idan matsin cikin kwalbar bai kai milimita 1.5 ba, babu fashewa. Da ya haura nan, sai gaurayen ya tashi. Wannan ce iyaka ta farko. Idan aka fara gwajin da matsin da ya haura kimanin milimita 50, fashewar ba ta faruwa, sai dai haɗuwa a hankali. Wannan ce iyaka ta biyu. Haka lamarin zai ci gaba har matsin ya kai wajen milimita 3,000, kusan ninki huɗu na matsin iskar duniya, inda fashewa ke dawowa. Wannan ce iyaka ta uku.

Wato a zafi guda, ƙarin matsi yana tayar da fashewa, ya kashe ta, ya sake tayar da ita. Hankali na ɗauka cewa ƙarin makamashi a wuri guda ƙarin haɗari ne kullum, amma iyaka ta biyu ta saɓa wa wannan zato.

Daga Leningrad zuwa Oxford

An fara warware wannan ƙulli ne da wani sinadari daban. A 1926, a birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet, matasan masu bincike biyu, Yulii Khariton da Zinaida Valta, sun lura cewa tururin fosfaras ba ya ƙonewa ko kaɗan idan matsin oksijin bai kai wani mataki ba, amma da ya kai sai ya kama nan take. Max Bodenstein na Jamus, wanda shi ya fara kawo tunanin haɗuwa mai sarƙa a 1913, ya ce kuskuren gwaji ne. Shugaban ɗakin binciken, Nikolai Semenov, ya maimaita gwajin da kansa, ya tabbatar da sakamakon, ya kuma bayyana dalili: sarƙar tana yin rassa. Daga baya Bodenstein ya amince. Shi kuwa Khariton, shi ne ya zama babban mai tsara bam ɗin nukiliya na farko na Sobiyet.

A daidai wannan lokaci, Cyril Hinshelwood da ɗalibinsa Harold Thompson a Jami'ar Oxford ta Ingila suna nazarin haidurojin da oksijin, inda a ƙarshen shekarun 1920 suka nuna akwai matsin da idan an haura shi fashewa ke tsayawa. Semenov ya tattara ka'idar a littafinsa na 1934. A 1956 aka ba shi da Hinshelwood kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare. A Amurka kuma, Bernard Lewis da Guenther von Elbe sun zana taswirar iyakokin uku da har yanzu ake koyarwa da ita.

Sarƙa mai rassa

Ƙwayar haidurojin, H₂, zarra biyu ce a haɗe, haka ma ƙwayar oksijin, O₂. Muddin suna a haka, ba sa saurin taɓa juna. Aikin yana farawa ne idan zafi ko tartsatsi ya fasa wata ƙwaya, aka sami guntaye masu zafin nama da masana ke kira radikal. Uku ne manyansu: H, O da OH. Kowannensu ba ya iya zama shi kaɗai, duk abin da ya ci karo da shi sai ya fizgi wani abu daga jikinsa. Matakai uku ne ginshiƙin ƙonewar:

H + O₂ → OH + O

O + H₂ → OH + H

OH + H₂ → H₂O + H

A mataki na farko guntu ɗaya ya shiga, biyu suka fito. Haka ma a na biyu. A na uku ɗaya ya shiga, ɗaya ya fito, aka sami ruwa da zafi. Idan aka haɗa lissafin, mataki na uku ya faru sau biyu, to kowane H guda da ya fara zagayen ya bar H uku a bayansa. Uku za su zama tara, tara su zama 27. Bayan zagaye 10 an sami 59,049, bayan zagaye 20 an doshi biliyan uku da rabi. Da yake ƙwayoyin iska na karo da juna sau miliyoyi zuwa biliyoyi a daƙiƙa guda, duk wannan na iya kammaluwa kafin ƙiftawar ido. Wannan hayayyafa ita ce fashewar.

Sai dai guntayen ba hayayyafa kawai suke yi ba, suna kuma mutuwa. Ko gauraye zai fashe ko ba zai fashe ba ya dogara ne da wanda ya fi sauri tsakanin haihuwa da mutuwa.

Dalilin kowace iyaka

A ƙasa da iyaka ta farko, ƙwayoyin sun yi ƙaranci ƙwarai. Guntun H kan yi tafiya mai nisa bai haɗu da oksijin ba har ya bugi bangon mazubi, ya maƙale a can, sarƙar ta yanke. Idan aka ƙara matsi, hanyar bango ta cika da cunkoso, H ya riƙa haɗuwa da oksijin kafin ya isa, sai haihuwa ta rinjayi mutuwa. Saboda haka ne wannan iyaka ke sauyawa da girman mazubi da irin abin da aka shafe bangonsa da shi.

A iyaka ta biyu, mutuwar ta koma tsakiyar iskar. Idan H da O₂ suka yi karo, a kuma daidai lokacin wata ƙwaya ta uku ta shigo ta ɗauke rarar ƙarfin, sai su manne maimakon su fashe gida biyu:

H + O₂ + M → HO₂ + M

Harafin M na nufin kowace irin ƙwaya da ke wurin. Abin da aka samu, HO₂, guntu ne mai sanyin jiki, wanda a wannan zafi ba ya yin komai har ya gangara bango ya mutu. To, karon mutum biyu ana yinsa ko a kasuwar da ba ta cika ba, amma mutum uku su yi karo lokaci guda sai kasuwa ta yi maƙil. Haka yake a nan: idan matsi ya ninku sau biyu, saurin da H ke hayayyafa ya ninku sau biyu, amma saurin da yake mutuwa ta karon uku ya ninku sau huɗu. Dole a kai matsin da mutuwar za ta sha gaba. Masana sun rubuta sharaɗin a taƙaice: iyakar tana daidai inda saurin karon uku ya kai ninki biyu na saurin matakin farko. Kuma da yake matakin farko yana buƙatar zafi sosai, karon uku kuwa bai damu da zafi ba, duk ƙarin zafi yana ɗaga wannan iyaka sama.

A iyaka ta uku, cunkoson ya kai inda shi kansa HO₂ ba ya iya isa bango. Yana daɗewa a cikin iskar har ya fizgi zarra daga H₂, ko ya haɗu da ɗan'uwansa, a sami H₂O₂, sinadarin nan da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo. A irin wannan zafi H₂O₂ na tsagewa ya ba da OH biyu, sarƙar da aka zaci ta mutu ta farfaɗo. Bugu da ƙari, zafin da haɗuwar ke fitarwa ya fi ƙarfin abin da bango zai iya kwashewa, zafi ya ƙara sauri, sauri ya ƙara zafi.

Wani abu mai muhimmanci ga injiniyoyi shi ne ba duk ƙwayoyi ne ke da ƙarfi ɗaya a matsayin M ba. Tururin ruwa ya ninka naitirojin ƙwarewa a wannan aiki sau da yawa, ga shi kuma yana shanye zafi. Idan tururi ya haura kimanin kashi 55 cikin 100 na gauraye, wuta ba ta iya yaɗuwa a cikinsa. Amma da zarar tururin ya huce ya koma ruwa, gaurayen da ke kwance lafiya ya zama abin tsoro ba tare da an ƙara masa ko ɗigon haidurojin ba.

Yawancin haɗurra tartsatsi ne ke tayar da su, ba tashi da kai ba. Duk da haka wannan tsere ne ke yanke hukunci, domin harshen wuta ba ya rayuwa sai zafinsa ya kai inda hayayyafar H za ta rinjayi karon uku.

Inda aka ga lissafin a zahiri

Ranar 6 ga Mayu, 1937, jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenburg, ɗauke da haidurojin kimanin mita 200,000 mai kusurwa uku, ya kama da wuta a Lakehurst ta jihar New Jersey a Amurka. Ya ƙone cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum 36 suka mutu, amma 62 daga cikin 97 da ke ciki suka tsira. Haidurojin ɗin jirgin ba a gauraye take da iska ba, don haka ta riƙa ci ne daga inda take haɗuwa da iska, wutar na yin sama.

Ranar 28 ga Maris, 1979, tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta rasa ruwan sanyaya tukunyarta. Sandunan makamashin nukiliya suna lulluɓe ne da ƙarfen zakoniyam, wanda idan zafinsa ya haura kimanin digiri 1,200 yake ƙwace oksijin daga tururi, ya saki haidurojin. Kusan awa 10 da fara haɗarin, haidurojin da ta taru a rumbun kariya ta kama, matsi ya yi tsalle, amma rumbun ya jure. Kwana biyu bayan haka aka shiga fargabar cewa wani kumfan haidurojin da ke cikin tukunyar kanta zai fashe. Gwamna Dick Thornburgh ya shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara da ke kusa su fice, kimanin mutum 140,000 suka bar gidajensu. Daga baya ta tabbata cewa babu isasshen oksijin a cikin tukunyar, don haka kumfan ba zai iya fashewa ba.

A Fukushima Daiichi ta Japan, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta 11 ga Maris, 2011, an cika rumbunan kariya da naitirojin tun da farko don hana oksijin wuri. Sai dai matsi ya yi yawa, haidurojin ta tsiyaye zuwa gine-ginen da ke lulluɓe da rumbunan, inda akwai iska, ta taru a benen sama. Ginin tukunya ta 1 ya fashe ranar 12 ga Maris da ƙarfe 3:36 na yamma, ya lalata wayoyin da ma'aikata ke shimfiɗawa don dawo da lantarki. Na tukunya ta 3 ya fashe ranar 14 ga wata, ya raunata mutum 11, ya lalata motocin kashe gobara da bututun da aka tanada don tura ruwa. Na tukunya ta 4 ya fashe ranar 15, duk da cewa tukunyar a kashe take babu makamashi a cikinta: haidurojin ta kwararo ne daga ta 3 ta bututun fitar da iska da suka haɗa. Fiye da mutum 150,000 ne suka bar matsugunansu. A Yulin 2012, kwamitin bincike mai zaman kansa na majalisar dokokin Japan ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne, ya ɗora laifin kan kamfanin TEPCO da hukumomin sa ido da gwamnati.

Sabuwar harkar haidurojin ma ta ɗanɗana. Ranar 23 ga Mayu, 2019, tankin ajiya ya fashe a wata cibiyar gwaji a birnin Gangneung na Koriya ta Kudu, mutum biyu suka mutu, shida suka jikkata. Bincike ya nuna oksijin ne ya riƙa shiga tankin daga na'urar da ke raba ruwa da lantarki, har gaurayen ya kai matakin kamawa.

Abin da ake yi don kariya

Kowace dabarar kariya ƙoƙari ce ta ba mutuwar guntaye galaba. Ana cika rumbu da naitirojin don kada H ya sami oksijin. Ana sa ragar ƙarfe mai ƙananan ramuka a bakin bututu don guntaye da zafi su mutu a bango, kamar yadda ake gani a iyaka ta farko, sai dai ramukan haidurojin dole su fi na sauran iskoki ƙanƙanta, domin wutarta na iya ratsa tsagar da ba ta kai milimita ɗaya ba. A tashoshin nukiliya ana girka faifan da aka shafe da filatinam ko faladiyam, waɗanda ke haɗa haidurojin da oksijin su zama ruwa a hankali, ba tare da lantarki ba. Faransa da Jamus sun girka su tun kafin Fukushima, wasu ƙasashe sai bayanta. A ɗakunan batir da masana'antu, ƙa'idar da aka saba ita ce kada yawan haidurojin ya wuce kashi 1 cikin 100, wato rubu'in iyakar kamawa, kuma a sa na'urar ganowa da hanyar fitar iska a can saman ɗaki. Tagar da ke ƙasa ba ta fitar da iskar da ke taruwa a silin.

Ga ɗan majalisa, ɗan jarida ko mazaunin unguwar da za a kafa wa irin wannan masana'anta, kimiyyar ta taƙaitu zuwa tambayoyin da za a iya nema wa amsa a rubuce. Idan iskar ta tsiyaye, ina za ta taru? Wace na'ura ke auna oksijin a cikin tanki, kuma me ke faruwa idan ta yi ƙara? Na'urorin kariya za su yi aiki idan an ɗauke wuta? Akwai bututun da ya haɗa sashe da sashe kamar na tukunya ta 3 da ta 4? Wace hukuma ce ta duba, yaushe, kuma ina rahoton? A duk haɗurran da suka biyo bayan 1956, ka'idar tana cikin littattafai tun kafin ranar. Abin da masu bincike suka riƙa tararwa shi ne bututun da ba a yi tunaninsa ba, na'urar da ba a girka ba, da hukumar da ba ta tambaya ba.